Shugabar Makaranta a Kujera Mai Taya

Malamar kimiyya 'yar siririya ce, ɗalibanta mata suna kiranta Tsinke a bayan idonta. Ran nan ta gaji da zane a allo, ta sa aka gunguro kujeru biyu masu taya zuwa dogon barandan makaranta mai santsin tayil. Sai ga shugabar makaranta ta fito daga ofis, mace mai jiki, wadda ko tari ta yi sai aji ya yi tsit.

"Ranki ya daɗe, ki taimaka mana da gwaji," in ji Malama.

Suka zauna suna fuskantar juna, suka haɗa tafukan hannu, kowacce ta ture 'yar'uwarta. Malama ta tafi fuu da baya har ƙofar ɗakin karatu. Shugaba kuwa da ƙyar ta gusa.

"Kun gani?" Malama ta ɗaga murya daga can. "Ƙarfin turin ɗaya ne! Ni ba nauyi, sai na kwashi gudu. Nauyi sau gudu, nawa da nata daidai suke!"

Shugaba ta ɓata rai. "Wato ke ki sha iska, ni a bar ni kamar buhun siminti? Yara, ku zo ku tura ni!"

'Yan mata suka yi mata caa. Da farko kujerar ta yi ta ƙugi tana gardama, can ta miƙa wuya, suka ruga da ita suka sake ta.

"Wayyo daɗi!" Shugaba ta ɗage ƙafafu tana ihu, ɗankwali ya yi nasa wuri. Sai ta hango ƙarshen baranda. "Ina birkin?"

"Babu!" in ji 'yan matan.

Malama ta yi tsalle ta cafke bayan kujerar, kujera ta ja ta kamar zani a igiya. Suka wuce ofis, suka wuce ɗakin malamai, suka zube cikin shukokin furanni, rif!

Kowa ya yi tsuru-tsuru. Can sai aka ji dariya na tashi daga cikin ganye, har da shessheƙa.

"Malama, ya aka yi kika kasa tsayar da ni?"

"Ranki ya daɗe, mai nauyi in ya samu gudu, tsayar da shi sai ƙarfi mai yawa ko doguwar hanya. Mu ba mu da ko ɗaya."

Shugaba ta tofar da fure, ta miƙo hannu.

"To ku ɗago ni. Mu koma barandan baya, ya fi tsawo."

Aka kaɗa ƙararrawar tashi, ba wadda ta ɗauki jakarta.