Matashin Gero

Tun da Mama ta zo Shenyang daga ƙauye don taya ni jego, na kasa zama wuri ɗaya. In na kwantar da jaririyata Tiantian ta gefe, kafin na dawo daga kicin an mayar da ita rigingine a kan matashin gero mai tauri. Wuni nake ina shafa ƙeyarta, kullum sai in ga kamar ta ƙara bajewa.

"Mama, likita ya ce a riƙa juya ta! Yanzu mulmulallen kai ake so, ba bajajjiyar ƙeya irin ta zamaninku ba."

"Likitan nan ya taɓa haihuwa? Kai kamar kabewa, wa zai kalle ta?"

Na fizge matashin, na kamo hannunta na ɗora a ƙeyata. "Taɓa ki ji, kamar faranti! Tun ina makaranta nake ɓoye ta da gashi."

Mama ba ta janye hannun ba. Can ta ce a hankali, "Duk ƙauyenmu sai da aka zo kallon ƙeyar nan. Ita kaɗai na samu na ba ki."