Kwamfutoci Shida na Layin Baya

Uwani ce ta haɗa kwamfutoci ɗari da ashirin na wata cibiyar jarabawa a Kwamba, ita kaɗai, cikin mako uku. Inda ta fi shan wuya shi ne ɓangaren tsaro na kanel, wato can cikin zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Dokar da ta rubuta masa gajeriya ce: duk manhajar da ta nemi fita ta intanet, sai kanel ya duba wace ce, kuma ina za ta. Manhajar jarabawa kaɗai aka yarje wa, ita ma zuwa sabar jarabawa kawai, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyin. Sauran duk a hana su, a kuma rubuta cewa an hana.

Ranar Asabar, minti ashirin da fara jarabawa, Kabiru manaja ya faɗo ɗakinta yana share gumi da hula.

"Malama Uwani, kwamfutocin layin baya sun sami matsala. Kashe wannan tsaron naki."

"Wace matsala, Manaja? Ga su ina gani, yara suna ta amsa tambayoyi."

"Na ce ki kashe."

Ba ta kashe ba. Sai ta buɗe rajistar da kanel ke rubutawa. A kwamfutoci shida, daga ta ɗari da sha biyar zuwa ta ƙarshe, akwai wata manhaja da ba ita ta saka ba, an laƙaba mata sunan manhajar firinta. Duk bayan daƙiƙa biyar sai ta nemi haɗuwa da wata kwamfuta a waje, kanel ya hana. Layi sama da dubu, duk an hana. Ta san irinta: wani ne zaune a wani wuri yana jira a buɗe masa, ya karɓi allon ya amsa wa yaran.

"Ashe gyaran fankar ke nan?" Muryarta ta tashi. "Ranar Alhamis ka karɓi makulli a hannuna, ka ce fanka za a gyara!"

"Rage murya. Iyayen yaran nan manya ne daga Abuja, kuma mai cibiya ya sani."

"Ya sani! Leƙa ta gilashin nan ka ga yarinyar can mai koren hijabi. Daga Gawu ta taso tun asuba, ko karyawa ba ta yi ba. Ita wa zai amsa mata?"

Kabiru ya ture kujerarta ya zauna, ya shigar da kalmar sirri ta shugaba, ya ba da umarnin a sassauta dokar. Kwamfutar ta ƙi. Ya sake, ta sake ƙi.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji Uwani. "Na kulle dokar tun safe. Ko ni ba zan iya taɓa ta ba sai an kashe komai an sake kunnawa. In ka isa, ka kashe wa yara ɗari da ashirin jarabawa a gaban mai sa ido."

"Wallahi kin gama aiki a nan."

Ta buga rajistar a takarda, shafi talatin da wani abu, ta kwasa da zafinsu ta kai wa Madam Stella, wadda hukumar jarabawa ta turo sa ido. Matar ta karanta shafi biyu a tsaye, ta tambaya ko akwai yunƙurin fita ko guda ɗaya da ya wuce.

"Babu, Madam. Ko ɗaya."

Don haka aka bar yaran shida suka ƙarasa da abin da ke kansu. Biyu daga cikinsu sun fito suna kuka.

Ranar Litinin aka sallami Uwani. Bayan wata guda hukuma ta dakatar da cibiyar. Abin da ya fi ƙona mata rai ba korar ba ce. Maƙwabciyarta ce ta tare ta a bakin famfo, ta ce saboda taurin kanta yanzu sai yaran unguwa sun je har Minna rubuta jarabawa. Uwani ta dire bokiti da ƙarfi har ruwa ya fantsama.

"Ga gidan Kabiru can, Maman Joy. Je ki faɗa masa."