Wayar da Sanoussi Ya Tsinka

Sanoussi bakanike ya ci amana. Yana cikin gyara wa Rilwanu birki a unguwar Guéma ta Parakou ya tsinka siririyar wayar da ke shaida wa mota gudun kowace taya. Fitilar gargaɗi ta kama. Maimakon ya gyara, sai ya zare ƙwan fitilar ya ja bakinsa.

Rilwanu ya ɗauki mahaifiyarsa zuwa Djougou ana tsuga ruwa. Hankalinsa kwance, don ya san halin motarsa: in taya ta zame, da kanta take rage wuta, ta danne taya guda har ta miƙe.

A wata kwana bayan motar ya goce. Ya jira ta kama kanta, ba ta kama ba, ga babbar motar auduga tafe.

"Rilwanu, kai fa!"

"Riƙe kujera, Inna!"

Da ƙyar suka kauce, suka afka rami. Inna ta fito da karyayyen hannu.

Da aka kwance tayar da Sanoussi ya yi wa aiki, ga wayar an ƙulle ta da tsumma. Shugaban makanikai ya karɓe sufanun Sanoussi a bainar jama'a. Sanoussi bai ƙara taɓa mota a Parakou ba.