Safa a Cikin Ƙararrawa

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ta. Yaya ta ajiye ledar magani a kan tebur, ta tura ƙofar ɗakin Baba da ƙafa. Rana ta riga ta shigo ta taga har ta hau gado. Tsohon yana kwance yadda ta bar shi jiya da yamma, a kan ɓarin da ya shanye. Zanen gadon ya jiƙe, ya bushe, ya sake jiƙewa, ƙudaje suna ta zagaye gwiwarsa. Idonsa biyu. Da ya gan ta sai ya mayar da kallonsa bango.

Tun da ciwon ya kwantar da shi suka raba aiki: ita safe da yamma, kafin ta buɗe shagon ɗinkinta da bayan ta rufe, ƙaninta Auta kuma sauran lokacin da take gidan mijinta, tunda shi ke kwana a nan. Kafin magana ta ɗauke masa gaba ɗaya, Baba ya roƙe ta abu guda, kada a fitar da shi daga ɗakin da mahaifiyarsu ta rasu. Ta ce masa to. Saboda wannan alkawarin ne ta sayo ƙararrawar hannu ta ɗaura masa a ƙarfen gado, daidai hannunsa mai lafiya.

Ta ɗora ruwa, ta wanke shi tana numfashi ta baki. Da ta juya shi, sai ta ga fatar ƙugunsa ta saɓule, jajir, tana tsattsafo da ruwa.

"Baba, ba ka kaɗa ba ne?"

Ya rufe ido. Ta miƙa hannu ta girgiza ƙararrawar. Shiru. Ta kifa ta ta leƙa, sai ga safa an cusa a ciki, an danna ta sosai da yatsa. Ta zaro ta.

Ɗakin Auta duhu ne kamar rami, ya rataya bargo a taga. Yana kwance rigingine, ya ɗaure idonsa da tsumma, waya a kan ƙirji. Ta fizge bargon.

"Haba Yaya," ya ce, bai ko tashi ba. "Kin yanke mini. Yanzu fa na shiga."

"Ka shiga ina? Aljanna?"

Ya zauna yana murza fuska. Namiji da gemunsa, mai gyaran waya da mutane ke layi a teburinsa, sai ga shi yana mata bayani da zumuɗi kamar wanda ya tsinci sana'a. Barci hawa-hawa ne, in ji shi, kuma mafarki ya fi kauri gab da wayewar gari. Sai ka saita agogon waya ya tashe ka kafin lokacin, ka ɗan zauna, ka ɗan taka, sannan ka koma. A wannan barcin na biyu jiki ne kawai ke kwance, kai kana sane cewa mafarki kake. Amma ƙara kaɗan ta isa ta watsa komai.

"Shi ya sa ka toshe wa ubanka baki da safarka."

"Na ɗan lokaci ne. Niyyata in cire, to yau abin ya yi tsawo."

"Da agogon ya tashe ka kana takawar taka, ƙafarka ba ta san hanyar ɗakinsa ba? Juya shi kawai za ka yi."

"In na kunna fitila ko na taɓa ruwa, barcin ya gudu ke nan." Ya sunkuyar da kai. "Kuma warin yana bi na ciki. Na gwada."



"Wace ce?" ta ce. "Faɗa mini sunanta, mu je mu nema maka ita a farke, kowa ya huta."

"Ba mace ba ce. Baba ne."

Ta tsaya da safar a hannu.

"A can yana tafiya da ƙafarsa, Yaya. Muna zama a ƙofar gida, yana ba ni labari, har dariya yake yi. Kin san tun da na bar makaranta bai ƙara kallona da ido mai kyau ba. Shekaranjiya ya dafa kaina ya ce ya yafe mini."

"Shi ya ce, ko kai ka sa masa a baki?"

"Ai daɗin abin ke nan. In kana sane, yadda ka so haka ake yi."

Da barci ne ya fi ƙarfinsa, da ta zage shi ta wuce, don ita ma ta sha gyangyaɗi a kan keken ɗinki. Amma wannan kalma da yake ta maimaitawa da alfahari ita ce ta tsaya mata a wuya. Yana sane. Ya ƙera wa kansa uba mai tsabta, wanda ba ya buƙatar a juya shi, ya karɓi yafiya daga hannunsa, alhali mai yafiyar na gaskiya yana bayan bango yana girgiza ƙarfen da ba ya amsawa. Abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne, da ta dubi fuskarsa, ba ta ga mugunta ba. So ta gani, irin na ɗa ga uba, yana ƙyalli.

"In ka goge agogon nan yanzu a gabana, sai Baba ya zauna a ɗakinsa," ta ce.

Ya kalli wayar.

"Ki ba ni zuwa ƙarshen wata. Akwai abin da nake so ya faɗa mini tukuna."

Ta fita tsakar gida ta kira mijinta, ta ce ya zo da mota, a kwashe kujerun falonsu a shimfiɗa katifa.

Baba ya ji komai. Da suka zo ɗaukarsa, hannunsa mai lafiya ya damƙe ƙarfen gado, yana wani gurnani a maƙogwaro, idonsa a kanta. Mijin ya ja da baya ya ce shi kam ba zai iya ba. Ita ce ta durƙusa ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana cewa yi haƙuri Baba, yi haƙuri, tana jin ƙyamar muryarta.

Auta ya kama ƙafafu, suka sa shi a kujerar baya. Ta koma ciki kwaso magunguna da zannuwa. Tana fitowa ya tare ta a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ki bar mini filonsa. In na kwanta a kai ya fi saurin zuwa."