Hannun da Ya Zana Alfadari

A shekarar 1957 ne kamfanin silimar da Emil Vasko ya yi wa aiki shekara ashirin da shida ya rufe sashen katun. Da safiyar Juma'a aka tara su aka gaya musu, kafin la'asar kowa ya kwashe fensiransa. Emil ya koma gidansa a Glendale da kwali a hammata, ya dire shi a teburin cin abinci, ya nuna talabijin ɗin da ke falo da haɓa.

"To, Lorna," ya ce wa matarsa, "akwatin nan ya cinye mu."

Emil ba ƙaramin mai zane ba ne. A duk garin, in ana maganar tafiyar dabba, shi ake fara kira. Yakan wuni a bargar dawaki yana kallon yadda ƙafa ke tashi da yadda take sauka, sannan ya dawo ya yi zane goma sha biyu don motsin daƙiƙa ɗaya tak. Ita kuwa Lorna a wannan kamfanin suka haɗu. Shekara tara ta yi a ɗakin tawada, inda mata ke zama layi-layi suna bin zanen maza da alƙalami a kan leda mai garai-garai. Mace ba ta zane a wancan zamani, sai dai ta bi layin wani. Da suka yi aure ta ajiye aikin. Ba su samu haihuwa ba, su biyu ne a gidan sai wata bishiyar lemo a tsakar gida.

Wata huɗu Emil yana zaune ba aiki, sai Delbert Pruitt ya bugo waya. Delbert yaronsa ne a da, Emil ne ya koya masa riƙe fensir. Yanzu ya kama hayar wani tsohon gidan wanki a Burbank, ya samu kwangilar yi wa talabijin katun na mako-mako, labarin wani alfadari mai raba wasiƙu, wai shi Tobias.

"Maigida, aikin ba irin na da ba ne," in ji Delbert, yana sosa ƙeya. "Jiki ba ya motsi. Baki kawai, sai ido in ta kama."

"Ƙafafun fa?"

"Ka ɓoye su a bayan shinge."

Emil ya dube shi sama da ƙasa. "Shekara ashirin da shida ina koyon yadda dabba ke ɗaga ƙafa, yau ɗan da na raina ya ce in ɓoye ta a bayan shinge."

"Da can minti bakwai muke yi a wata da watanni. Yanzu rabin awa suke so kowane mako. In ka san wata dabara, maigida, ka koya mini, kamar yadda ka saba."

Emil bai san wata dabara ba. Ya karɓi aikin, da sharaɗin a gida zai riƙa yi, ya kawo duk ranar Alhamis. Ya kafa teburinsa mai fitila a ƙarƙashin gilashi a ƙaramin ɗakin baya. Yana zane yana mita, amma Lorna ta lura yana satar wa alfadarin ɗan motsin kunne ko kaɗa wutsiya inda ba a ce ya yi ba. Yara kuwa suka so Tobias.

A shekara ta biyu ne Lorna ta fara jin kofin kofi yana ƙara a kan faranti in ya ɗauka. Ta yi kamar ba ta ji ba. Sannan ta fara tsintar takardu a kwando, an dunƙule su, layin bayan alfadarin ya fita kamar haƙoran zarto. Da ƙyar ta ja shi wurin likita. Likitan ya sa shi ya miƙa hannu, ya taɓa hanci, ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo. Ya ce ciwon karkarwa ne, ba ya warkewa, kuma gaba zai yi.

A mota Emil ya ce, "Kada Delbert ya ji."

Washegari ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta ɗora farar takarda a kan zanensa mai rawa, ta bi layin ta miƙar da shi. Shekara goma sha tara rabonta da alƙalami, amma hannu bai manta ba. Emil ya tura mata na gaba.

Haka suka fara. Da farko gyara kawai take yi. Da hannun ya ƙara lalacewa, sai ya riƙa yi mata ƙwarangwal ɗin zanen, ita ta sa masa tsoka. Daga baya ko ƙwarangwal ɗin ya gagara, sai ya zauna a bayanta yana ba da umarni.

"Wannan kunne ne ko ganyen kabeji?"

"Tsohon nan, in ba ka yi shiru ba zan zana masa fuskarka."

"Da ya fi kyau. Sauke kafaɗar, kaya ne a bayansa, ba auduga ba."

Ranar Alhamis ita ke tuƙa su Burbank. Takan jira a mota, shi ya shiga da ambulan a hannun hagu, na daman yana cikin aljihu. Ranar Asabar da safe kuma sunansa ya wuce a ƙarshen shirin, cikin jerin masu zane. Lorna ba ta taɓa jin zafin wannan ba. Abin da ta sani shi ne mijinta yana tashi da safe ya yi aski saboda yana da aikin yi.

Wata Alhamis cikin bazarar 1961 ya daɗe bai fito ba, sai ta bi shi ciki. Ta tarar samarin masu zane sun kewaye shi. Sun manna wasu takardu a bango, wurin da Tobias ya ɓatar da wasiƙar wata tsohuwa, ya zo ya zauna a kan buhunsa, kunnuwa suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Wani cikinsu yana cewa, "Ku gani, zane shida kacal, amma sai da matata ta share hawaye. Wannan sai tsohon hannu." Suka tafa masa.

Wannan wurin Lorna ita kaɗai ta zana shi, da rana, Emil yana barcin da maganinsa ke sa shi. Bai ma taɓa ganinsa ba sai a bangon nan. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa musu kai, ya fita.

Ranar Litinin ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ce ta kai shi wurin Delbert, kuma ta shigo tare da shi. A ofis ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a kan tebur. Hannun ya riƙa bugun katakon shi kaɗai.

"Shekara ɗaya da rabi ban zana ko wutsiya ba," ya ce. "Ga mai zanen nan."

Delbert ya sunkuyar da kai. "Na sani, maigida. Tun hunturun bara. Kai kana danne fensir har ya fito ta bayan takarda, na uwar ɗakina kuwa kamar ba a taɓa ba."

"Ka sani, ka bar su suna tafa mini?"

"Me kake so in ce musu?"

"Ka cire sunana ka sa nata."

Delbert ya yi ta kame-kame. Ya ce ba a saba ganin sunan mace a wannan jerin ba, masu ba da kwangila za su yi tambaya, samarin ma wasu za su yi gunaguni. Emil ya ce ba zai tashi daga kujerar ba. A ƙarshe aka tsaya a kan za a rubuta "L. Vasko", kowa ya fassara yadda ya ga dama.

Sai da suka shiga mota Lorna ta buɗe baki. "Ni wa ya tambaye ni? Na ce maka ina son suna ne?"

"Haƙƙinki ne."

"Kai kuma fa? Gobe da safe me za ka tashi ka yi?"

Abin da ta ji tsoro kuwa shi ya faru. Emil ya daina shiga ɗakin baya. Ya ce aikinta ne yanzu, ba ya son ya tsaya mata a ka. Yakan fitar da kujera ƙarƙashin bishiyar lemo ya zauna tun hantsi har rana ta juya, jarida a cinya ba ya karantawa. Askin ma sai ta yi magana. In ta kawo masa zane ya duba, sai ya ce ya yi kyau, ko kallonsa bai yi sosai ba. Da ta san ranar da za ta yi kewar zagin kunnuwan da take zanawa za ta zo, da ba ta taɓa ce masa ya yi shiru ba.

Sau ɗaya kawai ta samo kansa. An ba ta wurin da Tobias zai tashi daga kwance da kaya a bayansa, ta yi ta yi ya ƙi fita. Ta fito tsakar gida ta ce, "Emil, da gaske nake, na kasa. Ƙafar gaba yake fara miƙewa ko ta baya?"

"Saniya ce ke fara ta baya. Kai, mata da miji duk shekarun nan ba ki san wannan ba?"

Ya sauko daga kujera da ƙyar, ya durƙusa a kan ciyawa da hannuwa da gwiwoyi. Ya miƙa hannu ɗaya gaba, ya miƙa ɗayan, ya ɗaga wuya, ya yi nishi irin na dabbar da aka yi wa lodi. Tana tsaye tana zana shi da sauri a bayan ambulan. Da ya zo ɗaga ƙugu sai hannun daman ya ci amanarsa, ya kife a gefe. Suka fashe da dariya su biyu, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Lorna ta durƙusa za ta ɗaga shi, sai ta ga dariyar tasa ta riga ta koma kuka. Ta zauna a ciyawar ta ɗora kansa a cinyarta har ya yi shiru.

"Kin samu?" ya tambaya.

"Na samu."

Sanyin ƙarshen shekarar ya kwantar da shi da ciwon ƙirji. Ya ƙi asibiti. Wata Laraba cikin Fabrairun 1962 ta ba shi miya ya sha cokali uku, ya ce ta je ta ƙarasa aikinta, gobe Alhamis. Ta bar ƙofar a buɗe don ta ji in ya kira. Zane ashirin suka rage mata, duk na baki, buɗe da rufe. Da ta gama ta jera su a ambulan, ta wanke hannu, ta leƙa ta tambaye shi ko zai sha shayi. Jikinsa har ya fara sanyi.

Bayan jana'iza Delbert ya ba ta tebur a Burbank, ita kaɗai mace a ɗakin maza goma sha ɗaya. Ta yi shekara goma sha uku a nan, ta zana karnuka da beraye da wasu halittun da ko sunansu ba ta riƙe ba. Ƙanwarta da ke Fresno ta sha roƙonta ta sayar da gidan ta komo kusa da dangi, ta ƙi. In hira ta kai su ga Emil, ba ta cika maganar ciwon ba. Abin da take maimaitawa shi ne ƙofar a buɗe take, tsakaninsu bai fi taku goma ba, kuma har yau ba ta san ko ya kira ta ba.