Awa Goma Sha Huɗu na Tela

Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Tela, ya koma zama gidan 'yarsa. Hannun hagu ya mutu, ƙafa sai ja, magana kuma sai ya lallaɓa ta kafin ta fito, kalma ɗaya bayan ɗaya. Hankalinsa dai yana nan garau, kuma hannun dama, wanda ya riƙe almakashi shekara arba'in, bai manta komai ba.

Ofishin kula da tsofaffi ya ware masa awa goma sha huɗu a kowane mako. 'Yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ita ta cike fom ɗin tun yana kwance a asibiti. Ta raba awowin daidai, awa biyu kullum, daga shida na safe zuwa takwas, don a gama komai a gaban idonta kafin ta fita zuwa kantin maganin da take aiki. Ma'aikaci zai zo, yau wannan gobe wancan, ya yi masa wanka, ya zura masa riga mai faɗi marar maɓalli, ya ba shi shayi, ya share ɗakin da Uwata ta riga ta share, sannan ya ajiye shi gaban talabijin. Daga nan sai shi da labulen taga har yamma.

Bai taɓa ƙorafi ba. Da wane baki zai yi wa yarinyar da ke yanke masa farce, take hura masa shayi kafin ta miƙa? Amma sau ɗaya a shekara ake zuwa daga ofis a sabunta tsarin, kuma abin da aka sa wa hannu ranar, shi za a bi har wata shekara. Bara ya buɗe baki ya ce, "Ina so…" kafin ya kamo kalma ta gaba Uwata ta ce, "Yana so a ci gaba yadda ake yi." Aka sa hannu, aka tashi. Don haka bana ya yi mako guda yana bitar maganarsa shi kaɗai, kamar ɗan makaranta mai jiran jarrabawa.

Jami'ar da ta zo sabuwa ce, mace mai ɗan shekaru, tabarau rataye a wuyanta. Ta gaishe shi, ta ja kujera ta zauna ta ɓangarensa na dama.

"Baba, in kashe talabijin?"

Ya ɗaga kai. Ta kashe, ta shimfiɗa wata farar takarda a kan ƙaramin teburin da ke gabansa, an ja mata layi bakwai, daga Litinin zuwa Lahadi, babu komai a ciki.

"Ga na bara nan," in ji Uwata, tana miƙo fayil. "Babu abin da ya sauya."

"Na gode, zan duba. Baba, awowin nan naka ne. Yadda za a raba su, da wanda zai zo, da abin da zai yi, duk kai za ka faɗa. Me kake so?"

Tela ya buɗe baki. "Ina… so…"

"Yana nufin…" in ji Uwata.

Jami'ar ta ɗan taɓa hannun Uwata, cikin murmushi. "Bari mu jira shi. Ba na sauri yau." Ta rufe biron ta ajiye, ta harɗe hannu a cinya.

Shirun ya yi tsawo har ana jin ƙarar firji daga kicin. Tela ya ji zufa a goshinsa. Duk bitar da ya yi ta gudu, sai kalma ɗaya ta rage masa, ya kama ta da kyau.

"Shago."

"Shagonka na ɗinki?"

"Laraba… shago."

"Haba Baba!" Uwata ta miƙe zaune. "Matakala uku ce a ƙofar shagon nan. In ka faɗi fa? Kuma da wace awa? Duk sun ƙare a safiya."

Tela ya miƙa hannu, jami'ar ta sa masa biro. Ya dubi takardar irin duban da yake yi wa yadi in mai shi ya kawo kaɗan yana son riga da wando. Ya fara daga Litinin. Wanka da sa kaya awa ɗaya da rabi suke ci, ya sha lura da agogon bango. Rabin awar da ta rage ta shara ce. Ya ja layi ya datse ta. Haka ya bi Talata, ya tsallake Laraba, ya bi sauran yana datsewa. Asabar da Lahadi, ranakun da Uwata ke gida, ya rage su zuwa awa ɗaya ɗaya. Ya kwashe duk guntayen ya zuba a layin Laraba. Jami'ar ta sa tabarau ta ƙirga da yatsa.

"Laraba ta samu awa shida: wanka, tafiya, zama, dawowa. Goma sha huɗu cif. Baba, ko ƙyalle ba ka zubar ba."

Ya yi dariyar da ke fita ta gefen baki ɗaya. Sannan ya ƙara da cewa, "Dogo."

Aka ɗan jima kafin su gane. Cikin ma'aikatan akwai wani dattijo dogo da ya zo sau uku kacal, wanda ya buɗe durowa ya ɗago riguna biyu ya ce, "Maigida, wacce?" Shi Tela yake so, kullum in zai yiwu, kuma da ƙarfe bakwai, ba shida ba. Jami'ar ta rubuta, ta ce za ta tambayi Dogo in yana da sarari, in babu za ta kawo masa mutum biyu ya gani ya zaɓa.

Uwata ta sunkuyar da kai. Tana kallon fayil ɗin bara a cinyarta, idonta ya ciko.

"Wato shekara biyu ina cutar da kai ban sani ba."

"A'a… Uwata." Ya ajiye biro ya kamo yatsunta. "Ke… kika… raya ni. Yanzu… na tashi."

Jami'ar ta ce, a hankali, "Tsarinki na mai jinya ne, kuma ya yi amfaninsa. Tsoron matakala kuma gaskiya ne, zan rubuta shi, Dogo zai je ya duba wurin tukuna. Amma in Baba ya ji haɗarin ya ce zai je, zuwan nasa ne."

"Na ji," in ji Tela. Wannan ta fito ba gardama.

Shi ya sa hannu a ƙasan takardar. Uwata ta tashi ta shiga kicin, aka ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. Har aka kwana biyu ba ta ta da maganar ba, shi ma bai ta da ba, sai dai abin ya tsaya masa a rai, yana tunanin ko ya sayi Laraba da ɓacin ran 'yarsa.

Ranar Laraba ta farko Dogo ya tura shi a keken guragu, sanye da riga mai maɓalli bakwai, suka bi layin masu gyaran takalma suka karya kwana. Tun daga nesa ya jiyo ƙarar keken ɗinki. Maiguga, maƙwabcin shagonsa na shekara talatin, ya fito riƙe da wandon wani.

"Wa nake gani? Kai, ashe ba ka mutu ba! Mu da har mun raba kujerarka!"

"Ɓarawo," in ji Tela.

"Ji shi! Duk kalmomin duniya sun gudu, zagi kaɗai ya tsaya masa."

Sai Tela ya dubi ƙofar shagon. A kan matakala ukun an kafa katako mai gangara, sabo fil, da marikin ƙarfe a gefen dama.

"Kada ka kalle ni, ni ko ƙusa ban buga ba," in ji Maiguga. "'Yarka ce ta zo jiya da kafinta a lokacin hutunta. Ta sa ni na zauna a kujera mai taya, ta tura ni sama da ƙasa sau huɗu, wai in ya ɗauki tumbina zai ɗauki babanta. Ta ce in ka wuce ƙarfe ɗaya ba ka sha magani ba, ni za ta kama."

Tela ya shafa marikin da tafin hannunsa. An goge shi sumul, babu inda zai karce mutum. Ya riƙe shi da kyau.

"Maigida, mu hau?" Dogo ya tambaya.

"Mu hau."