Tanki Mai Shuɗin Fenti

Wajen ƙarfe goma na safiyar Asabar, rana ta riga ta ɗau zafi a Akokan, ko ganye ba ya motsi. Nomau mai walda yana zaune a rumfarsa. An ɗauke wuta, shi kuwa bai ma damu ba, don tun ranar Talata aiki ba ya yi masa daɗi.

Masu walda na garin suna da wata ƙa'ida tsakaninsu. Ƙarfen da ya fito daga ramin uraniyom ana iya yin ƙofa da shi, ko amalanke, amma ba a yin abin ruwa ko na abinci. Nomau ya sani sarai, don ya yi aiki a ramin kafin a rufe shi. Ya san wannan datti mai ruwan ɗorawa da ke maƙalewa cikin bututu, ya san guba ne.

To amma da Alkassoum mai lambu ya ce a yi masa tankin ruwan sha, sai ga wani ƙaton bututu a wajen masu tsohon ƙarfe, mai kauri, ga araha kamar kyauta. Nomau ya leƙa ciki, ya ga dattin, ya wuce. Har addu'a ya yi a hanya. Da yamma ya dawo ya saya. Ya kankare cikin, ya shafa fenti shuɗi, ya ce wa kansa ai ya wanku. Ran Talata aka kai tankin lambu.

Gobe kuma Jibin Ubangiji, ranar da Kirista ke cin gurasa da shan ƙoƙo a teburi ɗaya don tunawa da Yesu, shi ne kuwa mai zagawa da ƙoƙon a majami'a.

Ya yi tsaki, ya tashi, ya mirgina tanon gidansa, wato duron ruwa, waje. Matarsa Mairamu ta biyo shi da ludayi a hannu.

"Maigida, ina za ka kai mini tano? A tafin hannu zan tara ruwa?"

"Zan yi miki bayani."

"Kwana nawa kana juyi a tabarma kana cewa za ka yi bayani!"

Ya nufi gidan Baba Kalilu, dattijon ikilisiyarsu, wanda ke da amalanken jaki. Sai da suka ɗora tanon suka kama hanya, sannan ya faɗa masa komai, kansa a ƙasa.

"Baba, gobe a ba wani ƙoƙon. Ni ba zan ma zo ba."

Baba Kalilu ya ɗan taɓa jakin da sanda. "Wannan jakin ya fi ka wayo. In ya faɗi, tashi yake yi, ba ya kwantawa yana lissafin faɗuwar."

"Na sani fa, Baba! Ba kuskure ba ne. Na gani da idona, na yi addu'a, na koma na saya. Amfanin addu'ar mene ne?"

"Wa ya hana ka barci tun Talata? Wa ya fito da kai cikin ranar nan?" Dattijon ya goge zufa da hularsa. "Abin da ka yi mugun abu ne, ba zan shafa masa fenti ba kamar yadda ka yi. Amma Yesu bai shimfiɗa teburin nan don masu tsabtar hannu ba. Da haka ne, da ni da Fasto mun daɗe a waje. Mu dai fara fid da tankin."

Suka tarar da Alkassoum yana ban ruwa a fangalin albasa, rawaninsa ya jiƙe da zufa. Tankin na ƙarƙashin bishiyar lemo, an rataya masa moɗa.

"Na zo in ɗauke tankin, Malam Alkassoum. Ga tano na kawo, kafin in yi maka wani."

Alkassoum ya yi dariya, ya amsa da gurguwar Hausarsa. "A'a, maƙeri. Ka samu mai kuɗi ya fi ni, ko? Tanki yana da kyau. Ba ya tafi ko'ina."

"Ba haka ba ne. Yana da matsala."

"Ba ya yoyo. Ni na duba."

Nomau ya kalli Baba Kalilu. Dattijon ya juya yana gyara igiyar jaki, kamar ba ya ji.

"Ƙarfen rami ne," in ji Nomau. "Na sani tun kafin in saya."

Alkassoum ya ajiye bokitin a hankali. "Fadimata ya sha. Yarinya na ƙarami. Kullum ya sha nan."

"Ka yafe mini."

"Ni na zo wajenka don mutane ya ce Kirista ɗin nan ba ya ha'inci. Na wuce maƙera uku na zo wajenka!"

Nomau ya sunkuyar da kai. Ya so a ce mutumin ya mare shi, da ya fi sauƙi. Daga baya ya ce a kai yarinyar wajen likita a duba ta, shi zai raka su. Alkassoum ya juya masa baya. Ya je ya kwance moɗar, ya jefar da ita bayan shinge.

Ruwan ma ya zama wahala. Ba a zubar da shi a shuka, ba a ba jaki. Haka suka ɗora tankin da sauran ruwansa, ƙarfen ya yi zafi yana ƙona hannu, amalanken na ƙara. Alkassoum ya tsaya can nesa yana kallo.

"Gobe ƙarfe tara," in ji Baba Kalilu, yana ɗaure igiya. "Kai za ka riƙe ƙoƙon. In hannunka ya yi rawa, ka riƙe da biyu."

"Bai yafe ba, Baba."

"Bai yafe ba. Wannan nasa ne, kada ka matsa masa."

Har sun kai bakin ƙofa, Nomau ya waiwaya ya ga tanon ya karkace a inda tankin ya tashi. Ya koma, ya samo dutse ya tokare shi, ya ɗauki bokitin Alkassoum ya yi ta jido daga famfon lambu har tanon ya cika. Ya rufe shi da murfi.

Alkassoum ya zo ya karɓi bokitinsa, bai dube shi ba, ya koma wajen albasarsa.